Land Rover: tambayoyin da ake yawan yi mini a Zariya, da amsoshinsu

Ni malamin gona ne da ya yi ritaya. Ina zaune a Tudun Wadan Zariya, gonata kuma tana can gefen kogin Galma. Motar da ke kai ni gonar Land Rover ce, ƙirar Series III mai dogon jiki, ta shekarar 1978, wadda na saya a gwanjo a 1996. Duk inda na tsaya da ita, ko gidan mai ne, ko bakin masallacin Juma'a, ko kasuwar Sabon Gari, sai an samu mai tambaya. Dattijo ya dafa ƙofarta ya ba ni labarin wadda ya sani a ƙuruciya, saurayi ya leƙa ciki ya ce, "Baba, waɗannan sandunan duk giya ne?" Jikata ce ta matsa mini in tara tambayoyin wuri ɗaya, ni ina faɗi ita tana bugawa.

Wa ya fara ƙera ta, kuma me ya sa?

Wasu 'yan'uwa biyu ne a kamfanin Rover na Ingila: Spencer Wilks, wanda ke shugabantar kamfanin, da ƙanensa Maurice Wilks, babban mai tsara motocinsa. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, ƙarfe ya yi wuya a Ingila. Gwamnati ce ke raba shi, kuma ta fi ba wanda ke fitar da kaya waje ya kawo kuɗin ƙetare. Rover kuwa motocin manya take yi, waɗanda ba su da kasuwa sosai a waje, ga katafariyar masana'antarta ta Solihull, kusa da Birmingham, wadda aka yi aikin injinan jiragen yaƙi a cikinta, tana neman abin yi.

Shi Maurice yana da gona a tsibirin Anglesey da ke yankin Wales, yana kuma aiki a cikinta da tsohuwar Jeep ta sojan Amurka. A 1947 ya ga cewa manomi yana bukatar abin da zai yi aikin tarakta da safe, da yamma kuma ya kai shi gari. Ta gwajin farko a kan shasin Jeep aka ɗora ta, sitiyarinta a tsakiya kamar na tarakta. Ranar 30 ga Afrilu 1948 aka nuna ta ga duniya a baje kolin motoci na Amsterdam, da injin fetur mai lita 1.6, a kan fam 450. Ana iya sa mata wani sanda mai juyawa a baya wanda ake haɗa shi da injin sussuka ko zarto ko famfon ruwa.

Da niyyar rage zafi na 'yan shekaru aka yi ta, kafin kasuwar motocin alfarma ta farfaɗo. Sai ga shi cikin ɗan lokaci ta fi su ciniki nesa ba kusa ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, mai gona ne ya zana ta, don gona ya zana ta. Duk abin da za ka yaba mata da wanda za ka ƙi a jikinta, daga nan ya samo asali.

Da gaske ne jikinta ba ya tsatsa?

Rabin gaskiya ne. Saboda ƙarancin ƙarfen nan, da alminiyon aka yi bodin, wani gami da ake kira Birmabright. Ɗauko mayen ƙarfe ka manna a ƙofarta, zai faɗo. Shi ya sa za ka ga wadda ta shekara hamsin a rana da ruwa, fenti ya ƙoƙe, amma jikin bai huje ba. Sai dai shasi ƙarfe ne, bangon da ke tsakanin inji da direba shi ma ƙarfe ne, kuma su suna tsatsa. A Ingila gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cinye su. Mu nan ba mu da wannan, iskarmu ma busasshiya ce rabin shekara. Abokin gabarmu laka ce: ta shige cikin shasin da damina, ta kwanta, ta riƙe laima har bayan kaka. Duk ƙarshen damina nakan kai ta wajen wanki a ɗura ruwa ta ramukan shasin har sai ya fito fari.

Me ya sa muke kiran irin waɗannan motoci duka "jif"?

Daga Jeep ne, motar sojan Amurka da kamfanonin Willys da Ford suka ƙera da yawan gaske lokacin yaƙin. Sunan ya bi duk wata mota mai tsayi, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo. Amma a ƙauyukanmu wannan ba a ce mata jif. Landiroba ake ce mata.

Mene ne Series, mene ne Defender, kuma 88 da 109 ɗin nan fa?

Lambobin tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ne, da inci. Ta farko, wato Series I, 80 ce. A 1954 aka koma 86 da 107, a 1956 kuma 88 da 109, wato gajeriya da doguwa. Injin gas ya shigo a 1957. Series II ta fito a 1958, IIA a 1961, sai Series III daga 1971 zuwa 1985. A 1976 suka cika miliyan ɗaya. In ka ga fitilun gaba a tsakiya, kusa da juna a jikin ragar lagireto, tsohuwa ce ƙwarai, don a ƙarshen shekarun 1960 aka mayar da su gefe.

A 1983 aka fito da One Ten, a 1984 kuma Ninety. Kamannin ɗaya ne in ka hango daga nesa, amma an cire sifirin mai falle-falle an sa mai murɗe, kuma tayoyi huɗun suna ja koyaushe. Sunan Defender sai a 1990 aka raɗa musu, don a bambanta su da Discovery da ta fito a 1989. Ta ƙarshe a wannan tsohon tsari ta fito daga Solihull ranar 29 ga Janairu 2016, bayan an ƙera sama da miliyan biyu tun 1948. Defender da aka nuna a 2019, wadda ake haɗawa a ƙasar Silobakiya, suna kawai ta gada.

Yaya aka yi ta zama motar hukuma a ƙasar nan?

Domin ba hanya. Lokacin da muke yara, in ka bar manyan titunan da suka haɗa Zariya da Kano da Kaduna da Funtuwa, sauran burji ne da turbar jaki. Di'o da ita yake rangadi. En'e tana da ita, 'yan sanda da soja suna da ita, likitan dabbobi da ita yake bin ruga yana allurar shanu, ma'aikatan binciken noma na Samaru da ita suke zagaya gonakin gwaji. A ƙauyenmu in aka ji kukanta da hantsi, manya sukan yi tsit, don ba a san ko haraji ne ko sammaci ba. In kuwa da la'asar ta shigo da lasifika a kanta, yara mu bi ta da gudu, mun san majigi ne. A ƙofar gidan dagaci za a kafa farin ƙyalle, a ta da janareto daga bayanta, a nuna mana yadda ake shuka auduga a layi da yadda ake tace ruwan sha. Ina jin a wannan filin na fara sha'awar aikin da na ƙare rayuwata a kansa.

Kamfanin BEWAC ne ya daɗe yana sayar da ita a Najeriya. A shekarun 1970 gwamnati ta kafa masana'antun haɗa motoci da haɗin gwiwar Turawa: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu, Leyland kuma a Ibadan, inda aka riƙa haɗa Land Rover. Da kuɗin man fetur ya ja baya a shekarun 1980, naira ta karye, shigo da sassa ya gagara, aikin ya durƙushe.

Wani abin lura: har zuwa 2 ga Afrilu 1972 hannun hagu muke bi a titi kamar Ingila. Saboda haka tsofaffin da suka shigo kafin nan sitiyarinsu a dama yake, in ba an juya shi daga baya ba.

Sandunan nan na ƙasa, mai jan kai da mai ruwan ɗorawa, me suke yi?

Wannan ita ce tambayar samari, kuma ita ce ya kamata duk mai son tuƙa Series ya haddace. Dogon sandan giya ne kamar na kowace mota, huɗu gaba ɗaya baya. A kan kwalta tayoyin baya kaɗai ke ja. In ka iso yashi ko santsi, ka danna mai ruwan ɗorawar ƙasa, tayoyin gaba su kama, gudunka bai ragu ba. In kuwa laka ce mai zurfi, ko hawan gangare da kaya, ko jan wata motar, ka tsaya cak, ka taka kuloci, ka jawo mai jan kan baya. Shi ne direbobinmu ke kira ogzilari. Motar za ta riƙa tafiya kamar hawainiya, amma da ƙarfin da zai ba ka mamaki. In ka fita, ka tsaya, ka tura jan gaba. Mai ruwan ɗorawar ma haka ake sakinsa: ka jawo jan baya ka mayar gaba, sai ka ji ya yi tsalle ya taso da kansa.

Kada ka hau kwalta tayoyi huɗu na ja. Series ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, saboda haka a busasshiyar hanya ƙarafan za su riƙa murɗe juna, sitiyari ya yi tauri, taya ta cinye, daga ƙarshe wani abu ya karye. Defender da Range Rover suna da wannan marabar, shi ya sa su kullum huɗun ke aiki.

Ta taɓa kafewa da kai?

Ta taɓa, kuma a daminar farko da na saye ta. Watan Agusta ne, an kwana ana ruwa, na ɗauko buhu goma na taki zan kai gona. Akwai wani wuri kafin a kai fadama inda ruwa ke yanke hanya, ƙasan baƙar laka ce mai danƙo. Na tsaya, na jawo jan sanda, na sa giya ta biyu, na shiga da bismilla. Muna kaiwa tsakiya sai baya ya fara haƙa, laka na tashi sama, gaba kuwa ko motsi. Wani dattijo da ke kan keke ya jingine kekensa, ya tsuguna ya leƙa, ya ce, "Malam, ai ƙafafunta na gaba barci suke yi."

Na kwanta a cikin lakar na leƙa. Babu farfelar gaba, wato sandan ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin gaba. Inda ya kamata ta kama akwai ramukan noti huɗu a buɗe, tsatsa ta rufe su, alamar an daɗe da cirewa. Wani a inda ta fito ya kwance ta, ko don ta lalace ba a saya wata ba, ko don ta tafi kasuwa. Sai da muka sauke takin buhu-buhu a ka, mutanen ƙauye suka kawo shanun huɗa biyu da igiya, aka sassaro kirare aka cusa ƙarƙashin taya, kafin ta fito bayan azahar. Ban manta alherin mutanen nan ba. Ko sisi suka ƙi karɓa, sai wani ya ce in dai zan wuce ranar kasuwa in rage wa matansu hanya, kuma na yi shekaru ina yi.

Da aka sa mata farfela, wannan wurin bai sake riƙe ni ba. Amma ba na cewa ba ta kafewa. In cikinta ya zauna a ƙasa, tayoyi suna lilo, ko wace iri ce sai an haƙa. Shebur da igiya da katako biyu ba sa fita daga bayanta.

Tana shan mai?

Tana sha. Injina na fetur ne mai lita 2.25, kuma a lissafina lita ɗaya tana kai ni wajen kilomita shida, in da kaya ko laka ƙasa da haka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na daina shiga gari da ita sai da dalili. Gudu kuma ba nata ba ne. In ta kai tamanin, kai da na kusa da kai sai da ɗaga murya. Zuwa Kaduna nakan bi motar haya.

Me ya sa kullum ake ganin ɗigon mai a ƙarƙashinsu?

Tsohon tsari ne, kuma wuraren da ke riƙe mai suna da yawa. Ƙirga: inji, giyabos, akwatin ogzilari, aksul na gaba, aksul na baya, ƙwallaye biyu da tayoyin gaba ke juyawa a kansu, akwatin sitiyari, da wata 'yar mahaɗar sitiyari da ke cikin shasi a gaba. Wuri tara ke nan. Ɗigo kaɗan ba ya kashe ta. Abin da ke kashe ta shi ne a bar wurin ya bushe ba a sani ba. Kowace Asabar ta farkon wata nakan shimfiɗa buhu, in shiga ƙarƙashinta da sufana da gorar man giya mai lamba 90, in kwance noti ɗaya-ɗaya in sa yatsa. In yatsa ya taɓo mai, lafiya. In man ya fito fari kamar kunu, ruwa ya shiga, sai a juye.

Da hunturu kuma matatar iska ce abin kula. Tata ba takarda ba ce, kwano ne mai baƙin mai a ciki, ƙura na faɗawa ta nutse. In buji ya yi ƙarfi, cikin mako biyu za ka tarar da gindin kwanon ya yi taɓo. A wanke da kananzir, a zuba sabon mai zuwa layin da aka zana. Ban san wata matata da ta dace da ƙurarmu kamar wannan ba, kuma ba ka sayen komai sai baƙin mai kaɗan.

Ana samun kayan gyaranta da mai gyaran a nan?

Ƙananan abubuwa kamar fulogi, bel, takalmin birki da bodin kafireto ana samu a Zariya ko a yi dabara. Manya sai Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, in ya gagara a aika Legas. A Ingila har yau ana ƙera kusan kowane sashe nata sabo, sai dai canjin kuɗi. A yi hattara da jabu. Na taɓa sayen robobin birki a wani shago, kwali mai kyau, ba su yi wata biyu ba suka narke, Allah ya sa a hanyar gona ne ba a cunkoson Kwangila ba.

Mai gyara shi ne abin damuwata. Wanda ke duba mini ita ya haura saba'in, a garejin hukuma ya koyi aiki tun yana yaro. Ba ya fara taɓa ta sai ya ce, "Alhaji, tayar mu ji." Ya ɗora tsinin sukudireba a jikin inji, ya kanga kunne a ƙotar, ya rufe ido. Yaransa kuwa duk sun koma kan Toyota da Honda, kuma ban ga laifinsu ba, can abinci yake. Ga duk saurayin da ke koyon kanikanci, ina ba shi shawara ya zauna da irin waɗannan dattawan ko na wata shida ne. A jikin wannan motar ana ganin komai da ido, yadda wuta ke tafiya, yadda mai ke tafiya, yadda ƙarfi ke isa taya.

To in tana da kyau haka, me ya sa Toyota ta kore ta?

Domin Toyota ta zo da abin da mutane ke bukata a lokacin da kamfanin Ingila ke fama da kansa. Rover ta shiga ƙarƙashin Leyland a 1967, aka yi British Leyland a 1968, abubuwa suka taɓarɓare da yajin aiki da rashin kuɗi har gwamnati ta karɓe shi a 1975. Kuɗin da Land Rover ke samowa ana toshe ramukan wasu motocin da shi, ita kuma an bar ta kusan yadda take. Mai oda ya yi ta jira. Land Cruiser kuwa, wadda ta samo asali a 1951 ta kuma sami sunanta a 1954, ta zo da inji mai silinda shida, ga dillalai, ga kayan gyara. Sai a 1979 Land Rover ta sa wa doguwar injin V8, lokacin kasuwar Afirka da ta Ostareliya sun riga sun juya. Ina son motata, amma in ƙaramar hukuma ta tambaye ni motar da za ta saya wa malaman gona yau, Hilux zan ce, don ko a Soba ko Makarfi ta tsaya za a sami mai gyara.

Har yanzu kamfanin na Turawan Ingila ne?

A'a. Ya bi hannu da yawa: British Aerospace a 1988, BMW ta Jamus a 1994, Ford ta Amurka a 2000, sai Tata Motors ta Indiya da ta saye shi tare da Jaguar a 2008. Hedikwata da yawancin aikin dai suna Ingila.

Na ga Range Rover da LR3 'yan Kwatano da araha. In saya?

Range Rover ta farko, ta 1970, mai ƙofa biyu ce, kujerunta na roba, ana iya wanke cikinta da ruwa. Ta yau wata duniya ce. LR3 da LR4 kuma sunan da Amurkawa ke kiran Discovery ta uku da ta huɗu ne. Motoci ne masu daɗin zama, kuma a daji suna da ƙarfin gaske. Amma a kan jakunkunan iska suke tsaye maimakon sifirin, da famfon da ke hura su, da na'urori masu auna tsayi, duk ƙwaƙwalwar mota ke sarrafa su. In ɗaya ya gaza, ka wayi gari ta durƙusa. Masu su da na sani a Zariya kashi biyu ne. Akwai wanda ke da mai gyara na musamman mai kwamfutar dubawa a Kaduna ko Abuja, yana sayen mai a inda ya amince, yana juye baƙin mai kan lokaci, kuma yana jin daɗinta. Akwai kuma wanda arahar ta ja shi, ya kai ta wajen rewaya na unguwa aka yanke waya ɗaya aka haɗa da wata, yanzu tana ƙofar gida a lulluɓe da tamfol. Wasu sukan cire jakunkunan su sa sifirin, motar ta tashi, amma laushin da aka saye ta dominsa ya ragu. In kuɗin sayen kaɗai gare ka, ba ka da na riƙo, ka haƙura. In gona za ka, ba ita kake nema ba.

In zan sayi tsohuwa, me zan duba?

Ka je da rana, da guduma ƙarama da tocila, da bakaniken da ba na mai sayarwa ba. Ka fara da ƙasa, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ka bubbuga shasin tun daga gaba har ƙarfen ƙarshe na baya: lafiyayye yana ƙara, ruɓaɓɓe yana amsawa kamar kwali. Ka ɗaga tabarmar ƙafa ka duba bangon gaba. Ka ƙirga farfela, biyu ne. Ka kai ta kan yashi ka gwada sandunan nan da kanka. Ka saki totur a giya ta biyu da ta uku ka ga ko giyar za ta fice. Ka duba ko injin nata ne, don da yawa an sa musu na wata motar, kuma ba laifi ba ne in an faɗa maka an kuma yi aikin da kyau. Lambar shasi ta dace da takardu, in ta gwanjo ce a nuna maka takardar gwanjon.

Za ka sayar?

An taya sau da yawa, har wani ya zo daga Abuja ya ce zai gyara ta ya ajiye a gida don kallo. Na ce masa ya yi haƙuri. Akwai gonakin abokai ta wajen Giwa da na daina zuwa saboda halin tsaro, tafiyarta ta ragu, amma aikinta bai ƙare ba. Bana ma ita ta kwaso masarata, buhu takwas-takwas a sawu, ta kuma kai wata mai naƙuda asibiti da tsakar dare daga ƙauyen da ke kusa da gonar, lokacin da ruwa ya hana Keke Napep shiga. Ƙaramin ɗana ya fara koyon ta. Makon jiya na sa shi ya shiga ƙarƙashinta da sufana, ya nemo wurare taran nan da kansa. Ya samo bakwai, sauran biyun sai Asabar mai zuwa.